Layi shida nawa, layi shida na Baffa: littafin gonar inabinmu a Kudan

25 ga Afrilu, 2023

Yau Baffa ya sakko. Tun kafin azumi nake bin sa da maganar ya bar ni in gwada tawa dabarar noma a gonar inabinmu, yana ce mini bari a sha ruwa, bari a yi Sallah. Bayan la'asar muna zaune a inuwar rumfar inabi ya ce, “To ɗan boko, ɗauki layi shida na gabas ka yi wasanka. In ka kashe mini su, kai za ka yi wa Innarku bayani.” Na ce, “Na gode, Baffa, Allah ya ƙara girma.” Dalilin buɗe wannan littafi ke nan, don in gardama ta tashi gobe a sami abin dubawa.

Gonar tana ƙasar Kudan, arewa da Zariya, ba nisa da Hunkuyi. Ba ta cika eka guda ba. Layi 12 ne, kowane layi gindi 30, sun miƙe daga arewa zuwa kudu a kan rumfar waya, ƙasar kuma ta ɗan gangara wajen fadama. Baƙin inabi ne na ci, shekararsa bakwai a ƙasa.

Girbin bana ne ya tayar mini da hankali. Zafi ya riga mu isowa, nonon inabin da ke fuskantar yamma ya ƙone, sauran kuma launinsa bai kama ba, ya tsaya ja-ja kamar ɗanyen tumatir. Dillalai suka karya kuɗin yadda suka ga dama. Rijiyar ma ta ja baya, sai an jira ta taru kafin a gama ban-ruwa.

A wurin Baffa, manomin kirki shi ne wanda ƙarƙashin inabinsa yake a share tas kamar tsakar gidan amarya. Ko tsinken ciyawa ba ya bari, in fartanya ta gaji a sa maganin feshi. Yau da ƙarfe biyu na rana na soka ma'aunin zafi cikin wannan sharariyar ƙasa, zurfin ɗan yatsa: digiri 47. Na je gindin kalgon da ke bakin gona inda busasshen ganye ya taru, na soka: 33. Na nuna masa, ya ce ai ba kalgo muke sayarwa ba.

9 ga Mayu, 2023

Mun yi askin bazara. Ga wanda bai san noman inabi a ƙasa mai zafi ba: a Turai sanyin hunturu ke sa itacen barci, ya zubar da ganye, ya farka sau ɗaya a shekara. A nan ba ya barci, sai mu tilasta masa da almakashi. Sau biyu ake aski. Na yanzu gajere ne, ido ɗaya ko biyu ake bari a kowane reshe, don ya fitar da sabbin rassa su ƙosa cikin damina. Na biyu bayan ruwa ya ɗauke, shi ne na 'ya'ya. Haka manoman Nashik a Indiya suke yi, a Afrilu da Oktoba, kuma damina da raninsu sun yi kama da namu.

A layukana na hana ƙone rassan da aka yanke, sai waɗanda ke da alamar ciwo. Na sa yara sun daddatse su, muka haɗa da karan masara da buntun shinkafa amalanke huɗu muka lulluɓe ƙasa, kaurin tafin hannu. Na bar tazarar taƙi guda tsakanin shimfiɗar da jikin itacen. Baffa ya tsaya yana kallo, ya ce na kafa wa gara gidan abinci.

2 ga Yuni, 2023

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Injin ban-ruwanmu da fetur yake aiki. Sa'ar da muka ci ita ce shamuwa ta riga ta iso, ruwa ya sauka, amma rani na nan tafe. Maganar da nake yi ta tattalin ruwa, wadda ake ɗauka surutun boko ce, ta koma maganar aljihu.

Na shuka wake a tsakanin layuka.

20 ga Yuli, 2023

Shinge. Da na yi niyyar sayen dashe, sai wani ɗan ƙwadago da yake zuwa mana daga wajen Maraɗi ya yi mini dariya, ya ce, “Maigida, ga itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka kana neman na saye?” Ya nuna mini kututturen kalgo da sabara da magarya da muke sarewa kowace shekara a bakin iyaka. A ƙasarsu ana kiran abin sassaben zamani: kututture ya yi toho, ka zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi ka bari, ka yanke saura. Tun shekarun 1980 suke yi a jihar Maraɗi, daga baya har Zinder, kuma da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar. Mu da muka fi su ruwan sama muna nan muna ƙone namu.

Mun bar kututture 17 a gabas da arewa, ta inda iskar hunturu ke shigowa. A giɓin da ke tsakaninsu na dasa zogale da lalle, Inna ta ce a ƙara mata yakuwa da riɗi. A ƙarshen kowane layi, ta gangare, na dasa jema a jere, sabili da saiwarta da ke nutsawa ƙasa tsaye ba ta yaɗuwa ta cinye wa maƙwabcinta abinci.

Wani ya ce in sa amya don inabi ya ƙara 'ya'ya. Ba haka ba ne. Furen inabin da muke nomawa da kansa yake ɗaukar ciki, ba ya jiran kudan zuma. Furannin shingen na sa su ne don masu cin ƙwari: zanzaro, rina, ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya. Da yawansu sai sun sami ruwan fure ko wurin fakewa suke zama a gona.

18 ga Agusta, 2023

Na yi kuskure, kuma babba. Waken da na shuka mai yaɗo ne, irin na harawa. Da marka ta kama sai ya rufe ƙasa ruf, ya kama turaku ya fara hawa rumfa. Iska ta daina ratsawa, ganyen inabi yana kwana da jiƙa ya wuni da jiƙa. Ranar Litinin na ga tabo a saman ganye kamar an ɗiga man gyaɗa, na juya bayansa, ga fumfuna fara kamar garin rogo. Cutar damina ce, kowa ya san ta, amma a layukana ta ninka ta layukan Baffa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Muka yanke waken kaf da lauje, muka bar saiwar a ƙasa, rabin harawar aka kai wa tumaki. Muka rage ganyen inabin da ya cunkushe, sannan muka fesa haɗin tagulla da farar ƙasa. Tsohon magani ne, wani masanin tsirrai mai suna Millardet ya fito da shi a yankin Bodo na Faransa a 1885, bayan cutar ta ƙetaro musu daga Amurka. Yana aiki, amma rigakafi ne, ganyen da ya riga ya kamu ya kamu. Kuma tagulla ba ta ruɓewa, taruwa take a ƙasa tana kashe tana. A Tarayyar Turai an ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Mu nan babu mai ƙidaya, don haka na fara rubuta nawa.

Baffa bai ce komai ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

27 ga Satumba, 2023

Ina tuge ragowar saiwar wake sai na ga ƙulli iri biyu. Ɗaya ƙanana ne zagayayyu a maƙale a gefe, in ka murza su faɗo, in ka fasa cikinsu ja-ja. Waɗannan su ne masu amfani, su ke jawo taki daga iska. Ɗayan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura kamar carbi, ba ya ɓantaruwa. Na ƙulle a leda na kai Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona. Wani malami ya duba ya ce tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani, wake da tumatir da kuɓewa suna ƙara mata yawa, kuma inabi ma tana cin sa. Ya ce in huta da wake, in gwada gyaɗa mai tsayuwa, ita ba ta cika ɗauka ba.

Ashe shekarun da Baffa ya yi yana sa tumatir a nan kafin inabi sun bar gado.

14 ga Oktoba, 2023

Askin 'ya'ya, duka layi 12 cikin kwana biyu. An zage ganye, an bar ido shida zuwa takwas a reshe. Don idanun su buɗe tare ana shafa musu wani sinadari da ke maye gurbin sanyin da ba mu da shi. Dafi ne sosai, yana ƙone fata, dole a sa safar roba. Na karanta cewa a Japan da Birazil an gwada tafarnuwa a madadinsa, sai na roƙi Inna ta daka mini rabin mudu, na shafa wa layi guda da tsohon buroshi. Gonar ta wuni tana ƙamshin miya.

31 ga Oktoba, 2023

Layin tafarnuwa ya yi toho, amma kowane ido da ranarsa, wasu ma sun ƙi. Zai nuna a rarrabe. Ba zan sake ba, sai dai a gindi biyar don gwaji.

8 ga Disamba, 2023

Na ji rasuwar Yakuba Sawadogo na Burkina Faso a farkon watan nan, Allah ya jiƙansa. Shi ne manomin da ya farfaɗo da haƙa ramuka a faƙo ana zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Na tuna da shi ne saboda abin da ke faruwa a layukana. Baffa ya yi gaskiya, gara ta zo, ta ci kusan rabin karan. Amma da na ɗaga shimfiɗar, ƙasar da a da fartanya ke tsalle a kanta ta zama kamar rariya. Na zuba bokitin ruwa ya shige kafin in ƙirga talatin. A layin Baffa bokiti guda ya kwanta ya fara gangarewa. Itacen inabi mai rai ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai turakun katako biyu da suka rage tun da can, su kam ta gama da su.

Ban-ruwa: Baffa duk kwana biyu, ni duk kwana huɗu, kuma ganyena bai lanƙwasa ba. Yaron da ke tayar da inji shi ya fara lura cewa jarkar fetur tana ƙara kwana.

Abin da ban shirya masa ba: kububuwa. Ƙanena ya sa hannu zai gyara shimfiɗa ya tarar da ita a naɗe. Allah ya kiyaye. Na sayi takalman roba huɗu, kuma na kafa doka, ba a taɓa shimfiɗa sai da manjagara.

Hunturu kuwa har yanzu wasa yake. Dare biyu a yi sanyi, uku a kwana ba bargo.

19 ga Fabrairu, 2024

Girbi. Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, in ka tsinke shi ya gama nuna ke nan, don haka sai an auna. Ina da 'yar na'urar auna zaƙi da ake ɗiga ruwan ƙwaya a kan gilashinta a leƙa ta wajen haske. In ta kai 16 ko 17 an yanka. Zaƙi ya kai a ɓangarorin biyu, har ya yi sauri. Launi ne matsalar. Baƙin inabi yana son dare mai sanyi kafin fatarsa ta rine, in rana ta wuce digiri 35 dare kuma bai huce ba sai rinin ya tsaya. Watan nan tun farkonsa zafi yake kamar Maris.

Nauyi: layukan Baffa sun fi nawa da kwando uku. Cutar Agusta ta rage wa rassana ƙarfi, ga layin tafarnuwa. Ƙunar rana ta fi yawa a nasa, amma in za a yi adalci layinsa na ƙarshe shi ke shan ranar yamma, ko da shimfiɗa ko babu.

Tsuntsaye sun yi ɓarna a layina na bakin shinge. Yara suka ga kudan zuma a kan fasassun ƙwayoyi suka ce su ne ɓarayin. Zuma ba ta iya huda fatar inabi, sai tsuntsu ko rina sun fasa take zuwa lasa. Baffa ya ce, “Ka gina musu masauki, ka dasa musu abinci a ƙofa, me kake so su yi?” Ban da amsa.

6 ga Afrilu, 2024

Azumi cikin wuta. An ce a Kayes ta ƙasar Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga wata, asibitocin Bamako sun cika. Nan ba mu kai haka ba, amma tsofaffi suna cewa ba su tuna irin wannan bazara ba. Aiki daga asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan an sha ruwa da fitila.

Inabi yana hutu, ba 'ya'ya a kansa, amma gindi bakwai a ɓangaren Baffa sun bushe daga sama. A nawa biyu. Na tona gindin ɗaya daga cikin nasa, ƙananan saiwoyin da ke kusa da fuskar ƙasa sun soye, suna karyewa kamar taliya.

Mun haɗa kuɗin girbi da na ragon da Inna ta sayar mun sa famfon sola, da tiyo mai ɗigo a layi 12 duka. Ina da fargaba guda game da solar nan. Da fetur, tsada ke hana mutum ɓarnar ruwa. Yanzu rana kyauta ce, na ga maƙwabta suna barin famfo tun hantsi har la'asar, kuma rijiyoyinmu daga tukunya ɗaya suke sha a ƙarƙashin ƙasa.

11 ga Yuli, 2024

Kwana goma da suka wuce na ga sabon toho a kudancin gona yana murɗewa. Ganyen ya tsuke ya zama kamar mafici, jijiyoyinsa sun miƙe a jere, bakinsa ya yi zara-zara. Na ɗauka sabuwar cuta ce, sai da na lura abin ya fi tsanani a ƙarshen layuka, yana raguwa in ka yi arewa. Maƙwabcinmu na fadama ya fesa wa shinkafarsa maganin ciyawa mai suna 2,4-D da rana tsaka ana iska. Inabi yana cikin tsirran da ba sa jure wannan magani ko kaɗan, tururinsa ma ya isa.

Laifina a nan shi ne da na tashi yin shinge hunturu kawai na tuna. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, can kuwa a buɗe yake.

Baffa ya hana ni zuwa, ya ce jinina yana tafasa. Shi ya tafi da goro bayan Magariba. Mutumin ya rantse bai sani ba, kuma na yarda, don babu wanda ya taɓa gaya masa. An yi magana a gaban mai unguwa: zai riƙa feshi da sassafe in iska ta kwanta, ya kuma aiko a sanar da mu. Ba a nemi diyya ba. Gindi kusan 40 abin ya taɓa, tohon da ke fitowa yanzu ya fara daidaita. Mun dasa gamba da zogale a kudu, layi biyu.

Gyaɗar da na shuka a tsakiyar layuka ta tsaya inda aka ajiye ta. Na bar kamu biyu fili a kowane gefe don iska.

13 ga Satumba, 2024

Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar Talata madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa masu rai da alheri. Ganin hotunan ya sa na ji kunyar kukan da nake yi a kan inabi, amma littafi littafi ne.

Daren Laraba an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na zagaya. A tsakanin layukan Baffa ruwa ya yanka kwari har uku, ɗaya ya kai gwiwar yaro, saiwar gindi biyar tana waje, takin da aka zuba ya tafi fadama ya zama rabon mai shinkafa. A nawa gyaɗa ta kwanta amma ƙasa tana nan, kuma a bayan jema laka ta taru mai laushi har tana shanye ƙafa. Wannan ne karo na farko da bambancin ya fito yadda ba sai na yi bayani ba.

Na haƙa rami kamu ɗaya a kowane ɓangare na ƙirga tana. Nawa 11, nasa 2.

Cutar ganye ta zo duka biyun, kusan daidai. Feshin tagulla sau huɗu zuwa yanzu, bara war haka shida na yi.

20 ga Satumba, 2024

Gardamar lokacin aski, har Inna ta leƙo ta ce a rage murya.

Lissafin shi ne daga aski zuwa girbi wata huɗu ne da 'yan kwanaki. In ka yi da wuri, tsakiyar Satumba, inabi zai nuna a Janairu cikin sanyi, launi ya kama, amma ɗanyen toho zai fito ruwa bai gama ɗaukewa ba, cuta ta same shi a lokacin da ya fi rauni. In ka jinkirta zuwa ƙarshen Oktoba ka tsere wa ruwa, ka faɗa zafin ƙarshen Fabrairu da Maris. A da akwai fili mai faɗi a tsakani. Yanzu ruwa yana jan ƙafa wajen tafiya, zafi yana sammako, filin yana tsukewa ta kai da ta ƙafa.

Ba mu kaɗai ba ne. A garin Beaune na Faransa suna da rubutun ranar fara girbin inabi tun 1354, kuma daga 1988 zuwa yanzu girbin ya matso da kusan kwana 13. A Bodo, inda suke riƙe da irin kakanninsu kamar addini, a 2021 sai da aka halatta musu sabbin iri shida masu jure zafi. Nasu yawanci na giya ne, namu na ci, amma itacen ɗaya ne.

Baffa kuwa kalanda yake kallo ta wani gefen. Azumi mai zuwa zai kama farkon Maris, kuma kowa ya san yadda kayan marmari suke a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano in an fara buɗa-baki. Ya ce, “Kai kana noma wa littafi, ni ina noma wa kasuwa.” Mun rabu a kan haka: layukana uku jibi, uku 10 ga Oktoba, nasa shida 30 ga Oktoba. Na san wannan ya ɓata gwajin, don ba za a ƙara gane ko shimfiɗa ce ta yi aiki ko ranar aski ba. Gonarsa ce.

16 ga Oktoba, 2024

Kashin farko ya sha ruwa sau uku bayan toho. Na yi feshi biyu, na rasa wasu furanni. Gyaɗa buhu ɗaya da rabi ba a ɓare ba, harawar ta koma ƙasa.

21 ga Disamba, 2024

Ɓeraye da gafiya sun gano tiyon ɗigo. Kowace safiya sai mun ɗaure huda biyar ko shida, kuma a ɓangarena abin ya fi yawa saboda shimfiɗa ta ba su mafaka. Ƙishirwa ce ke kawo su, don haka na ajiye kasko huɗu da ruwa a bakin shinge. Hudar ta ragu, ba ta daina ba. Maganin ɓera ban sa ba, akwai bushiya da zabbin Inna da ke kiwo a ciki.

A gonakin inabi na Kalifoniya suna kafa akwati a kan dogon turke don mujiya ta yi sheƙa ta riƙa kama musu ɓeraye. Na sa kafinta ya ƙera mini guda, na kafa a kusurwar arewa. Da Inna ta ji abin da aka yi shi dominsa ta saki taɓarya ta ce, “Mujiya? Da hankalinka za ka kira mana mujiya gona? Wa zai ci inabin?” Na ce ai tsuntsu ne kamar kowane tsuntsu. Ta ce in je in gaya wa matan unguwa haka.

Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya fito a wasu nonna, kiyashi suna hawa suna sauka suna gadinsa saboda zaƙin da yake fitarwa. Na naɗa leda a jikin gindin na shafa mata girisi don kiyashi su kasa hawa. Bayan mako guda na ga tsutsar masu cin su tana kiwo a ciki. Ban fesa komai ba. Baffa ya fesa sau biyu.

29 ga Janairu, 2025

An yanka kashin farko. Ban taɓa ganin inabin gonar nan ya yi baƙi haka ba, har da farar ƙurar nan a fata, na'ura ta nuna 18. Nonnan ba su da yawa saboda furen da ruwa ya zubar. Kasuwa kuwa a cike take, kowa yana girbi, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

A watan nan Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa. Na gaya wa Baffa, ya ce ba sai an aiko masa daga Turai ba.

Akwatin mujiya ya sami baƙi. Kudan zuma ne suka tare a ciki. Inna ta ce Allah ya amsa addu'arta.

15 ga Fabrairu, 2025

Kashi na biyu shi ya fi kowanne a wurina, nauyi da launi duka. In na haɗa layukana shida, na wuce bara da kwando biyar, da rabin ruwan da ake ba wa na yamma. Layin bakin shinge ya sake ciyar da tsuntsaye, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na ɗaura tsofaffin gidajen sauro a kan gindi goma, waɗannan sun tsira.

12 ga Maris, 2025

Baffa ya gama girbi jiya, azumi yana da kwana 11. Nonnan gefen yamma sun ƙone, wasu ƙwayoyin sun yamutse, launin ja-ja ne kamar na shekara biyu da suka wuce, an zubar da kusan kwando huɗu. Dillalai suka zo har gona suna rige-rige. Abin da ya samu a layi shida ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da daddare ya kira ni ya ƙirga kuɗin a gabana, a hankali, sau biyu.

Na ce masa baɗi azumi zai matso tsakiyar Fabrairu, askin 10 ga Oktoba zai faɗa daidai, ba sai mun zaɓa tsakanin launi da kasuwa ba. Ya ce Allah ya kai mu. Game da ƙasa, ya yarda a dasa jema a ƙarshen layukansa kuma a cike kwarin da ruwa ya yanka. Shimfiɗa ya ce a sa a gindi kawai, faɗin faifai. Gyaɗa a tsakiya ya ƙi, ya ce ba zai iya ganin maciji ba. Kalgo biyu da suka fara yi wa layin farko inuwar safe ya ce a rage musu kai, kuma a nan na ga gaskiyarsa.

Abin da ke gabana kafin askin bazara: in tono saiwar gindi tara da suka bushe bara in kai Samaru a duba ko tsutsar nan ce ta raunana su, kafin mu cike gurbinsu. Ina neman irin da ake yi wa aure mai jure fari da tsutsa, kamar Dogridge da Indiyawa ke amfani da shi, har yanzu ban sami mai shi a kusa ba. Buntun shinkafa da a da ake roƙon mu mu kwashe yanzu masu kaji da masu gidan burodi suna saye, mai injin casar shinkafa ya ce amalanke sai da kuɗi. Ranar Asabar zan je mu yi ciniki, in bai sauko ba in koma karan dawa.